Ina da ciwon sukari da tabo mai tasowa a kunne: ko zan iya yin zanen gira na dindindin?

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya da kuma waɗanda aka taɓa yi wa wannan aiki, domin na yi watanni ina juya maganar a raina ban kai ga matsaya ba. Shekaruna 43, kuma kusan shekara biyu ke nan gashin girata yana zubewa sannu a hankali, musamman ta gefen da ke wajen kunne, har ta kai idan na wanke fuska rabin gira kawai ake gani. Kullum da safe sai na zauna gaban madubi na cike gurbin da jagira, amma kafin rana ta take gumi ya goge ta, sai in wuni ina taɓa goshi ina tunanin ko mutane sun lura.

Wata abokiyar aikina ta yi abin da ake kira maikurobiledin, wato a yi amfani da 'yan ƙananan allurai da aka jera kamar reza a tsattsaga fata siri-siri kamar silin gashi, sannan a cusa launi a ciki. Nata ya yi kyau ƙwarai, kuma shi ne ya ja hankalina. To amma lafiyata ba irin tata ba ce. Shekara shida ke nan ina fama da ciwon sukari nau'i na 2, ina shan metfomin, kuma gwajin sukarin jini na HbA1c da na yi a watan jiya ya nuna 8.6. Ina shan maganin hawan jini, sannan likita ya ɗora ni a kan asfirin mai miligiram 75 kullum. Bayan haka akwai wani tabo mai tauri da ya taso a kunnena na hagu tun lokacin da na yi huji na biyu ina 'yar shekara 20, girmansa kamar kan ɗan yatsa, wani lokaci yana yi mini ƙaiƙayi.

Da na kira mai aikin a waya na faɗa mata duk wannan, sai ta ce ba komai, kawai in daina shan asfirin na mako guda in zo. Hankalina bai kwanta da amsar ba. Shin mai irin yanayina za ta iya yi? Ya halatta in dakatar da maganin da kaina? Kuma idan an yi, kwana nawa wurin yake ɗauka kafin ya warke, tunda aikina na hulɗa da jama'a ne?

Ma'aikaciyar jinya

Wa alaikumus salam, Yaya. Kin kyauta da kika tambaya kafin ki je, domin da yawa sai bayan an yi aikin abu ya ɓaci suke zuwa wurinmu. Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne, duk da ana kiran wannan abu kwalliya, a wurin jiki rauni ne. Allurar tana huda fatar sama ta ajiye launi a farkon fata ta biyu, inda akwai ƙananan jijiyoyin jini, kuma a gira biyu ana yin tsagi da yawan gaske. Saboda haka tambayar da ya kamata a fara amsawa ita ce: yaya jikinki yake warkar da rauni? Ke da kanki kin kawo amsoshi uku a cikin bayaninki.

Na farko shi ne maganar asfirin. Don Allah kada ki dakatar da shi bisa umarnin mai kwalliya. Gaskiya ne asfirin yana hana ƙwayoyin da ke daskarar da jini haɗuwa, kuma tasirinsa yana kai kwana 7 zuwa 10 bayan an daina, shi ya sa masu aikin ba sa son sa: jini yana tsattsafowa ya wanke launin, zanen ya fito dishi-dishi. Amma likita ba ya ɗora mai ciwon sukari da hawan jini a kan asfirin sai da dalili, galibi don kare zuciya da ƙwaƙwalwa daga toshewar jijiya. Wanda ya rubuta maganin shi kaɗai ne ya san ko za a iya ɗaga shi na 'yan kwanaki. Haka hukuncin yake ga masu shan wafarin da sauran magungunan tsinka jini, waɗanda nasu haɗarin ya ma fi girma.

Na biyu, sukari. Ciwon sukari shi kaɗai ba ya hana yin aikin, akwai masu shi da aka yi musu suka warke lafiya. Abin dubawa shi ne ko an shawo kansa. Gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga yawancin manya ana son ya sauka ƙasa da 7. Naki na 8.6 yana nufin fararen ƙwayoyin jininki ba sa yaƙi da ƙwayoyin cuta da ƙarfin da ya kamata, kuma rauni zai daɗe a buɗe. Raunin da ya daɗe a buɗe a saman ido, inda gumi ke gangarowa a kansa duk yini, ba abin wasa ba ne.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Abin da kika siffanta a kunnenki ya yi kama da abin da likitoci ke kira keloyid, wato tabon da ba ya tsayawa a iyakar raunin, sai ya ci gaba da girma ya haura fatar da ke lafiya. Ya fi yawa ga masu baƙar fata, yana bin jini a wasu iyalai, kuma yana da wuyar magani, domin ko an yanke shi sau da yawa yana dawowa, wani lokaci ya fi na da girma. Sukari ana iya saukar da shi cikin 'yan watanni, magani ana iya sauya shi, amma wannan hali na fata yana tare da ke. Ni a ganina, sai likitan fata ya duba kunnen nan da idonsa kafin a yi maganar kowace allura a fuskarki.

Akwai kuma wani abu da ba ki tambaya ba, amma ba zan iya yin shiru a kansa ba. Zubewar gashin gira daga gefen waje alama ce da aka sani ta raunin aikin tayirod, ƙwayar nan da ke gaban wuya. Idan kina yawan jin kasala, ko jin sanyi fiye da na kusa da ke, ko bushewar fata, ko taurin bayan gida, ko ƙiba ba tare da ƙarin cin abinci ba, to ki roƙi likitanki ya yi miki gwajin TSH, wato gwajin jini da ke nuna yadda tayirod ke aiki, ya kuma duba ƙarfen da ke jininki. Idan dalilin zubewar yana da magani, gashin na iya dawowa, kuma ba za ki so a zana miki gira ta dindindin ba sannan taki ta tsiro a wani layi dabam.

Mai yin aikin, shekara takwas

Hajiya, ni wannan ce sana'ata, kuma ina goyon bayan abin da malamar jinya ta faɗa. Duk mai aikin da ta ba ki izini a waya ba tare da ta ga fatarki ba, ta kuma ce ki ajiye maganin likita, to ba ta yi miki adalci ba. A wurina kowa sai ta cike takardar tambayoyin lafiya, kuma akwai waɗanda nake ba haƙuri kai tsaye: mai juna biyu da mai shayarwa, wadda ke karɓar maganin kansa, wadda ke shan magungunan rage garkuwar jiki, mai ciwon rashin daskarewar jini, da wadda ta sha Roaccutane na ƙurajen fuska a cikin wata 6 zuwa 12 da suka wuce. Mai sikila da mai matsalar bawul ɗin zuciya sai sun zo da takardar likita. Wadda ke da soriyasis, cutar da ke sa fata yin kauri da ɓawo, ko farin tabon bitiligo ina yi mata bayani cewa waɗannan cututtuka suna iya ɓullowa a daidai wurin da aka ji wa fata rauni. Ba na zana a kan tawadar Allah, domin launi zai rufe ta, idan ta fara sauyawa likita ba zai gani ba. Masu shafa man bilicin kuwa, musamman mai sitiroyid, fatarsu takan yi laushi kamar takarda, allura tana taɓawa sai ta nutse fiye da kima, launin ya bazu ya zama dabbare.

Game da warkewa, ga abin da nake gani a fuskokin mutane. A kwana biyu zuwa uku na farko girar tana fitowa baƙi ƙirin, ta fi kauri, akwai ɗan kumburi da zafi kamar na ƙuna kaɗan, wani farin ruwa yana tsattsafowa wanda ake dangwalewa da auduga mai tsabta. Daga kwana na 4 zuwa na 10 ne ake shan wahala: wurin yana yin ɓawo, yana ƙaiƙayi, ɓawon yana faɗuwa guntu-guntu, girar ta zama dabbare-dabbare ba kyan gani. A nan ne mutane ke ɓata aikinsu, domin duk ɓawon da aka ɓantare da farce yana tafiya da launin da ke ƙarƙashinsa, ya bar gurbi, wani lokaci ya bar tabo. Bayan ɓawon ya zube, wajen mako na biyu, sai launin ya dusashe kamar ba a yi komai ba. Kusan kowa tana kira na a wannan lokaci hankali a tashe. Sabuwar fata ce ta rufe launin, kuma daga mako na 4 zuwa na 6 yana dawowa a hankali. Shi ya sa ba a yin gyara na biyu sai bayan mako 6 zuwa 8, ga mai manyan shekaru ko mai sukari kuwa gara a ƙara jinkiri.

A cikin mako biyu na farko ba a shiga iyo, ba a motsa jiki har a jiƙe da gumi, ba a zama cikin rana, ba a sa hoda ko jagira a wurin, kuma man da aka ba ki siriri ake shafawa, ba a laftawa. Za ki iya zuwa aiki, amma ki san cewa mako na farko kowa zai lura.

Maganar keloyid kuwa, ina da ɗan bambancin ra'ayi. Irin wannan tabo ya fi fitowa a kunne, ƙirji, kafaɗa, gadon baya da haɓa, ba kasafai ake ganinsa a gira ba. Wasu a cikinmu kan yi ɗan gwaji a ɓoyayyen wuri, a jira a ga yadda zai warke, sannan su yi amfani da injin da ke ɗiga launi maimakon reza mai tsagawa.

Ma'aikaciyar jinya

Malama, na ji daɗin bayaninki, kuma gaskiya ne gira ba ta cikin wuraren da wannan tabo ya fi so. Amma ina da ja a kan gwajin. Keloyid ba ya fitowa a mako biyu ko huɗu, yakan ɗauki wata uku, wani lokaci har shekara guda, kafin ya fara tasowa, don haka gwajin da aka duba bayan wata ɗaya bai tabbatar da komai ba. Sannan idan a bayan kunne aka yi gwajin, an je ne daidai yankin da fatarta ta riga ta nuna halinta, ana iya haifar mata da sabon tabo a banza. Wanda ya taso a kunne ana iya rufe shi, amma wanda ya taso a gira zai sa ta shiga zagayen allurar sitiroyid wata bayan wata a tsakiyar fuska. Ƙarancin aukuwar abu ba ya rage nauyinsa ga wadda ya faɗa wa, shi ya sa nake ganin hukuncin na likitan fata ne.

Ƙari ɗaya ga duk mai karantawa: a baƙar fata ba a cika ganin jan da ke nuna rauni ya ruɓe ba. A lura da zafin da ke ƙaruwa bayan kwana na uku maimakon raguwa, da ɗumin wurin, da kumburin da ke sauka zuwa fatar ido, da mugunya, da zazzaɓi. Idan an ga ɗaya daga cikinsu, asibiti za a nufa a ranar.

Wadda aka yi wa leɓe

'Yar'uwa, ni ba gira aka yi mini ba, leɓe ne, amma ina ganin labarina zai amfane ki. Tun ina yarinya nakan yi ƙurajen zazzaɓi a gefen baki, sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma ban taɓa ɗaukar su a bakin komai ba. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba. Kwana uku bayan aikin na farka da dare ina jin leɓena na sama yana tsikari kamar ana soka mini tsinke, da gari ya waye ƙananan ƙuraje masu ruwa sun jeru daga kusurwa zuwa kusurwa. Ko ruwa sai da tsinken sha nake iya kurɓa. Likitan da ya duba ni ya bayyana mini cewa ƙwayar cutar hafis, wadda ke kawo waɗannan ƙuraje, tana kwance a jijiya tsawon rai, rauni yana iya tayar da ita, kuma da na faɗa tun farko da an ba ni asaikulobir, maganin da ke danne ƙwayar cutar, in fara sha kafin aikin.

Ƙurajen sun warke cikin kusan mako biyu, amma duk inda suka fito launin bai kama ba, sannan gefen leɓen ya yi duhu fiye da yadda yake a da. An ce mini baƙar fata takan mayar da martani ga rauni ta hanyar ƙara duhu, kuma ya ɗauki watanni kafin ya fara washewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da an yi mini tambaya ɗaya tak, da duk wannan bai faru ba. Ke kin faɗi komai kuma an ce miki ba komai, wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da nawa.

Masanin haɗa magunguna

Hajiya, bari in ƙara bayani kan launin kansa, domin shi ne zai zauna a jikinki bayan rauni ya warke. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da wani launi ba a matsayin wanda za a cusa cikin fata. A shekarun 2003 da 2004 ta samu rahotanni fiye da 150 na mutanen da wasu launukan kwalliya ta dindindin suka yi wa illa, da kumburi da tsagewa da ƙulli-ƙulli a leɓe da kewayen ido. A 2012 an ba da rahoton mutum 19 a birnin Rocesta na jihar New York da suka kamu da wata ƙwayar cuta 'yar dangin ta tarin fuka, kuma bincike ya gano cewa tawadar ce ta zo da cutar tun daga kwalba, ba allura ba. Tarayyar Turai kuma tun daga Janairun 2022 ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a cikin tawadar zanen jiki da ta kwalliya. Ma'anar wannan ita ce sabuwar allura da safar hannu wajibi ne, don kariya daga ciwon hanta nau'in B da C da cutar ƙanjamau, amma ba su wadatar ba. Ki nemi ganin kwalbar, da jerin abin da ke ciki, da ranar lalacewarta, kuma ki ɗauki hotonta ki ajiye.

Jiki na iya ƙin launi bayan watanni ko shekaru, ja ne ya fi haddasa hakan, kuma gwajin da ake yi a fata kafin aiki ba ya kama kowane irin ƙi. Idan lidoken, maganin kashe zafin da ake shafawa, ya taɓa tayar miki da borin jini, shi ma a faɗa.

Yawancin launukan gira suna ɗauke da sinadarin tsatsar ƙarfe, wasu da farin sinadarin taitaniyom. Wannan yana da sakamako biyu. Idan za a yi miki hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti da injin maganaɗisu, ki sanar da ma'aikatan, domin a wasu lokuta ƙalilan wurin yakan yi zafi ko kumburi. Na biyun ya fi muhimmanci: idan ba ki so zanen ba kika je a cire da hasken lesa, waɗannan sinadarai suna iya rikiɗewa nan take su koma baƙi ko toka, kuma a baƙar fata lesar na iya barin farin tabo ko duhu. Maikurobiledin yana dusashewa cikin shekara ɗaya zuwa uku, amma ba lallai ya ɓace gaba ɗaya ba, sau da yawa yakan bar saura mai ja-ja ko toka-toka. Ga mai fatar da ke yin keloyid, cirewar ma wani raunin ne.

Mai tambaya

Ina godiya ga kowa, Allah ya saka da alheri. Na dawo ne in sanar da ku inda aka kwana. Ban dakatar da asfirin ba, kuma da na gaya wa likitana abin da aka ce mini, ya ce in ci gaba da sha kamar yadda aka rubuta. Na roƙi gwajin TSH kamar yadda malamar jinya ta ba ni shawara, sakamakon ya fito sama da yadda ya kamata, aka maimaita tare da wani gwajin aka tabbatar cewa tayirod ɗina ba ya aiki sosai. Kasalar da na daɗe ina ɗora wa sukari da yawan aiki, ashe tana da wani tushe. An fara ba ni lebotairoksin, maganin raunin tayirod, ina sha da sassafe kafin in ci komai, za a sake gwaji bayan mako shida, kuma an ce gashin zai iya ɗaukar watanni kafin a ga ko zai dawo. An kuma ƙara mini magani a kan metfomin.

Likitan fata ya ba ni rana a wata mai zuwa don ya duba kunnen. Har zuwa lokacin na ajiye maganar zanen. Malama mai aikin, kafin nan ina da ƙaramar tambaya: akwai irin jagirar da gumi ba ya gogewa wadda ba za ta toshe tushen gashin da nake fatan ya tsiro ba?